Hutun da Aka Ba Inna

A danginmu ba a taɓa jin an daki tsoho ba, ba a taɓa jin an hana shi abinci ba. Mu hutar da tsoho muke yi. Da zarar mutum ya fara dafa gwiwa in zai tashi, sai 'ya'ya da jikoki su yi masa ca, wannan ya ƙwace buta, wancan ya ƙwace tabarma, kowa yana wawar albarka kamar ana rabon taki. Kafin shekara ta zagayo tsoho ya zama kayan ɗaki, sai a riƙa shigo da baƙi suna ganin yadda ake kula da shi. Na ga an yi wa mutane da yawa haka ban ce uffan ba, don ba iyayena ba ne. Sai da abin ya zo kan Inna na san yana da zafi.

Inna mahaifiyata ce, ni ce autarta. A wani ƙauye kusa da Balan ta yi zaman aurenta, kuma tun ina yarinya ban san ta a zaune ba. Gyaɗa take soyawa, ta kai inji, ta matse mai, ta toya ƙuli-ƙuli, in damina ta faɗi kuma tana da 'yar gayaunarta a bayan gari. Rasuwar Baba ma ba ta zaunar da ita ba. Ta tsufa, ta ranƙwafa, amma ruwan alwalarta ita take ɗiba. Sai wata shekara bayan girbi zazzaɓi da ciwon ƙirji suka kwantar da ita a asibiti a Gaya. Ta daɗe a gado. Ranar da aka sallame ta ciwon ya tafi, amma ya tafi da ƙafafun. In an tsayar da ita sai gwiwoyin su kama rawa, ta sulale.

Gidana aka kawo ta, saboda a cikin garin Gaya nake aure, ina koyarwa a wata firamare, kuma asibiti kusa ne. Ba da son ranta ta zo ba. Wace uwa ce take son kwana a gidan suruki? Maigidana ya gane, ya kwashe kayansa ya koma ɗakin zaure, in zai shigo kuma ya yi ta gyaran murya tun daga ƙofar gida.

Damuwar Inna ɗaya ce tak, kuma ni ba ta ɓoye mini ba. Ba ta yi kukan ciwo ba, ba ta yi kukan gayaunarta ba. Bayan gida ne damuwarta. Wannan fa matar da ko haihuwa ita kaɗai take yi a ɗaki, sai an ji kukan jariri a shigo, yau ita ce ake ɗorawa a kan fo irin na yara. Duk lokacin da na ɗora ta sai ta runtse ido har a gama. Wata rana ina mayar da ita gado ta ce da ni:

"Auta, komai zan iya jurewa ban da wannan. Ke ma don ke ce."

Likitan da ya sallame ta ya haɗa mu da wata ma'aikaciya daga sashen gashin ƙashi, wadda take bin gidaje da yamma tana duba tsofaffin da ba sa iya zuwa asibiti. Ranar da za ta fara zuwa muka yi shara kamar ana jiran dangin ango. Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ba a yin sha'ani a dangi babu ita ko an gayyace ta ko ba a gayyace ta ba, ta zo takanas don ta ga na'urar da za a gasa Inna da ita. Sai ga wata siririyar mace ta sauka daga a-daidaita-sahu da 'yar jaka kamar mai zuwa kitso. Babu allura, babu ƙwaya, babu ko man zafi. Ta auna jinin Inna, ta lanƙwasa nan ta miƙar da can, sannan ta ce a kawo mata kujera mai ɗan tsayi da gorunan ruwa biyu na roba a cike da yashi. Da ta fita wanke hannu Gwaggo ta taɓe baki ta ce wannan ko 'yar tsubbu ta fi ta kayan aiki.

Maganin da ta rubuta mana shi ne wahala. Inna ta zauna a kujera ta tashi, ta sake zama ta sake tashi. Ta dafa bango ta yi ɗage. Ta zauna tana ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga gorunan yashi da hannu, safe da yamma, kaɗan-kaɗan ana ƙarawa. Ta ce a ba ta abinci mai kyau, a matsa mata da shan ruwa. Ta yi mana bayani cewa ƙafa ba ta ajiyuwa, abin da tsoho ya daina amfani da shi a jikinsa tafiya yake yi, kuma ba ya yin sallama. Duk abin da Inna za ta iya yi da kanta, ko da za ta daɗe tana yi, kada wanda ya yi mata.

Inna ta ce ita da ta yi noma ta yi daka, yau sa'ar jikarta ce za ta koya mata zaman kujera. Mai gashin ƙashin ba ta ji haushi ba. Ta durƙusa a gabanta ta tambaye ta abin da ta fi so ta iya yi da kanta. Inna ta juya ta dubi ƙarshen tsakar gida, inda makewayi yake. Kafin matar ta tafi ta sa maigidana ya nemo doguwar gora ya ɗaure ta a jikin bango, daga ƙofar ɗaki har ƙofar makewayi, daidai inda hannu zai kama.

Daga ranar Inna ta daina gardama, amma ba ta daina zagi ba. Tana tashi tana tsine wa kujera, tana zama tana tsine wa wanda ya sassaƙa ta. Ni ce mai ƙirga mata, kuma ni Allah ya ba ni muryar aji, ko addu'a nake yi sai a ɗauka faɗa ne. Kafin in tafi makaranta mu yi, in na dawo mu yi. Da farko sai na cicciɓe ta, daga baya hannu ɗaya ya isa, daga baya ta fara bige hannun nawa. Ta fara bin gora taku kaɗan ta dawo, gobe ta ƙara. Wata yamma ina tsince shinkafa na ɗaga kai na hango bayanta tana shiga makewayi, buta a hannu ɗaya, gora a ɗaya. Na yi kamar ban gani ba. Ta daɗe a ciki har na fara tsorata, sai na jiyo ta tana 'yar waƙar da take yi in tana matsar mai. Na zauna a kan turmi na yi kuka na more. Da ta fito ta dube ni ta ce shinkafar nan da tsakuwa za mu ci ta ke nan.

Da an bar mu haka da ban rubuta wannan ba. Amma jinya a ƙasarmu ba ta majinyaci da mai jinya ba ce su kaɗai, akwai 'yan dubiya. Suna zuwa daga Balan, suna zuwa daga Ajingi, uku-uku a kan babur. Kuma marar lafiya yana da kamannin da aka san shi da su: a kwance, a lulluɓe, murya ƙasa-ƙasa, ana cewa sannu yana cewa da sauƙi. In mutum ya biya kuɗin mota ya zo ya tarar da kai a tsaye, ka cuce shi. Don haka da an yi sallama Inna take cewa in yi maza in kwantar da ita kada a ce ƙarya ake yi, ni kuma in tura gorunan yashi ƙarƙashin gado. Kowace mai dubiya da ledar lemonta da kuma ilimin likitancinta. Wannan ta ce man kaɗanya, waccan ta ce kitsen damo, wata ta ce hayaƙi. Abu ɗaya ne duk suka yi ittifaƙi a kansa: kada a kuskura a bar ta ta motsa.

Gwaggo ce ta kama mu, don ita sai ta kai tsakiyar gida take tunawa da sallama. Ta tarar da Inna a tsaye gaban kujera, zufa tana zuba, gwiwa tana rawa, tana cewa wayyo, ni kuma ina tsaye a kanta ina cewa saura kaɗan, tashi. Gwaggo ta saki salati, ledar lemo ta faɗi. Na fara bayani, na juya ga Inna don ta taya ni, sai na ga ta sunkuyar da kai, kunyar ƙanwar miji ta kama ta. Gwaggo ko zama ba ta yi ba. Ta tsince lemonta tas ta fita da shi.

Zancen duniya ba ya ɓuya, kuma ba ya tafiya bai yi ƙiba ba. A Gaya tashi da zama ne. Da ya isa Balan ya zama kamun kunne. Kafin ya shiga Ajingi ya zama tsallen kwaɗo, ina riƙe da bulala, yashin ma an ce a ka nake ɗora mata. Aka ce malamar makaranta ta rasa wanda za ta yi wa gwale-gwale sai uwar da ta haife ta.

A Ajingi Yaya yake, babban wanmu, ɗan farin Inna. Sai an san abin da ke tsakaninsu za a gane sauran labarin. Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarmu, can ya girma. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi. In dole ta ambace shi sai ta ce mutumin Ajingi. Ya girma ya kama harkar hatsi da gyaɗa, Allah ya buɗa masa, yana aiko mata da buhuna, godiyar ma ta bakina take bi. Duk rayuwarsa yana neman ƙofar da zai shiga wurin uwarsa bai samu ba, sai ciwon nan ya buɗe masa ita. Ban ce ba ya son ta ba. Da ƙin ta yake yi da abin ya zo mini da sauƙi, da na san da wanda nake faɗa.

Ya zo da mota. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki, Inna ta ja mayafi ta juya fuska bango.

"Inna, ki faɗa mini gaskiya, ana wahalar da ke a gidan nan?"

Inna ta ƙara jan mayafi. Na ce ta gaya masa inda take zuwa da ƙafarta yanzu. Amma Inna ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige da ta yarda a gaban ɗan farinta cewa tana zuwa bayan gida ma. Da ta buɗe baki abin da ta ce shi ne:

"Auta, ba a kawo wa baƙo ruwa ba."

Yaya ya ɗauki wannan a matsayin amsa. A zaure muka yi ta. Ya ce yana raye uwarsa tana ɗaga yashi a gidan suruki, wane irin abin kunya ne wannan, me ya rage a duniya da matar nan ba ta ɗauka ba, yanzu lokacin hutunta ne, Ajingi zai tafi da ita. Na ce likita ce ta sa. Ya ce likitar da ba ta da magani. Na ce ya zo ya ga yadda take tafiya, ya ce shi ba kallo ya zo ba. Na faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa wa, shi ma ya ce ni kowa ɗalibi ne a wurina. Maigidana yana gefe yana kallon ƙasa, don suruki ba shi da baki a irin wannan. Ina haɗa kayan Inna na raɗa mata cewa ta ce masa ba za ta je ba. Ta ce ya zo da mota har ƙofar gida, mutane suna kallo.

Da 'yar sandarta a hannu za ta iya takawa har bakin motar, na san haka, ita ma ta sani. Yaya ya sunkuya ya ɗauke ta cak a hannu, ya ratsa zaure da ita, maƙwabta suna cewa masha Allahu, Allah ya ba mu masu jin ƙanmu.

A Ajingi aka ba Inna hutu irin wanda ko matar gwamna sai haka. An gyara mata ɗaki, an shimfiɗa tayil mai ƙyalli, an sa katifa mai kaurin da in ka zauna sai an jawo ka, ga fanka mai aiki da sola, ga keken guragu sabo fil da ledarsa. Har bayi aka yi mata a cikin ɗakin, irin na zama. Sai dai tayil yana da santsi, saboda haka aka hana ta taka shi. Bayin da ke nan kusa da gado, ɗaukarta ake yi a kai ta. Sandarta aka rataye a bango can sama don kada ta yi sha'awa.

Matar Yaya ce mai jinyar, kuma ba zan ci amanarta ba, mace ce ta gari. Ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Ita ke wanke wa Inna hannu, ita ke yi mata alwala, ita ke ba ta abinci a baki alhali hannun Inna lafiyarsa ƙalau. In Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi sai a riga ta, in ta yunƙura za ta gyara zama sai mutum biyu su taso. Yaya kuma yana ɗaukar hoto yana sawa a zauren dangi na waya: ga Inna a keke, ga Inna ana ba ta farfesu. Addu'o'i suna ta zuba. Gwaggo ta aiko da saƙon murya mai tsawon huɗuba, ta ce haihuwar namiji ta yi rana.

Duk ƙarshen mako nake shiga mota in je. Da farko in an bar mu mu biyu sai in zaunar da ita a bakin gado mu ɗan ɗaga ƙafa a sace, kamar masu shan taba. Katifar ma ba ta barin mutum ya tashi. Ba a daɗe ba aka gan mu, magana ta kai wa Yaya, ya ce a gidansa dai ba za a yi wa uwarsa fareti ba, in dubiya na zo in yi dubiya. Ina gani ƙafafun nan suna komawa kamar sillen kara. Aka daina kai ta bayi, aka koma fo. Daga fo aka koma ƙunzugun manya, wanda Yaya yake sayowa katan-katan daga Kano, yana faɗin tsadarsa da alfahari.

Sai Inna ta kama azumi. Ta fara da Litinin da Alhamis. Ta ƙara da na tsakiyar wata. Daga nan ta ce akwai ramuwar da ake bin ta tun zamanin haihuwa da shayarwa, ba ta san adadinta ba, gara ta yi ta yi. Gida ya ɗauka da murna. Yaya yana ba da labari a majalisa cewa tsohuwa ta samu hutu ta fuskanci Ubangijinta, ga amfanin kula da iyaye. Wani malami maƙwabcinsu ya ce a gaya mata Allah bai ɗora wa marar lafiya wannan ba, aka ce ai malam bai san ƙarfin imanin mutanen da ba. Mata suna shigowa neman addu'a wurin tsohuwa mai azumi.

Ni na san Inna. Tana salla, tana azumin watan Ramadan, amma ban taɓa sanin ta da waliyyantaka ba. Matar da in ta kai azahar ba ta sha fura ba kowa a gidan sai ya ji a jikinsa. Na tambayi matar Yaya me take ci in an sha ruwa, ta ce dabino ɗaya da kurɓi ɗaya, sahur kuma ba ta yi, wai ta ƙoshi. Ta faɗa tana jinjina kai don sha'awa.

Wata Asabar da rana na samu mun rage mu biyu a ɗaki. Leɓenta ya bushe ya tsattsage, idanun sun faɗa, in na ja fatar hannunta sai ta tsaya yadda na ja ta. Na ɗebo ruwa a kofi na zauna a bakin gado na ce ta sha. Ta ce tana azumi. Na ce yau Asabar. Ta ce ramuwa ce.

"Inna, ni ce fa. Wane irin azumi ne wannan?"

Ta kafa wa fanka ido. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"In na sha, fita zai yi. In ya fita, matar ɗana ce za ta buɗe ni ta wanke. Ƙishirwa ta fi sauƙi."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin fushi irinsa ba. Na ce to yau ina nan, gobe ma ina nan, ni zan yi. Ta karɓi kofin da hannunta, ta shanye, ta miƙo na ƙaro. Na dama mata fura ta sha. Da lokacin ya zo na rufe ƙofa na gyara ta, ta runtse ido kamar yadda ta saba.

Da yamma na tare Yaya a zaure na faɗa masa, ban rage komai ba, ban kuma sa masa zuma ba. Na shirya wa faɗa, sai na ga ya cire hula ya zauna a kan buhu. Ya ce me ya sa ba ta faɗa masa ba. Na ce yaushe ta taɓa faɗa masa wani abu. Ƙaton mutum mai furfura a gemu ya kifa kai yana kuka, har na rasa inda zan sa fushin nawa.

Amma hali zanen dutse. Nadamar Yaya ma sai da ta bi ta kasuwa. Kafin mako ya zagayo ya sa an kawo keken motsa jiki daga Kano, irin wanda ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina, aka kafa shi a ɗakin matar da ba ta iya zama sai an tokare ta da filo. Ya sa hoton keken a zauren dangi. Gwaggo ta ce ai ita tun farko ta san motsa jiki yana da amfani, in dai da na'ura ne. Keken yana nan har yau, a kansa ake shanya tawul.

Ya kuma aika mota aka ɗauko mai gashin ƙashi daga Gaya, wannan likitar da ba ta da magani, ya tare ta da lemon kwalba da kaza. Ta duba Inna ta daɗe. Gwiwoyin sun ƙage a lanƙwashe, in ta ja sai Inna ta cije leɓe. Da muka fito ta ce za a iya yin aiki Inna ta riƙa zama da kanta, ta riƙa juyawa a gado, wataƙila wata rana ta iya matsawa kan kujerar bayi da taimako. Tafiya kuwa ba za ta yi mana alkawari ba. Ba ta zargi kowa ba, ni ce na so ta zarga. Ta koya wa matar Yaya abin da za a riƙa yi kullum, matar Yaya ta koya da zuciya ɗaya. Sai dai Inna ba za ta yi nishi da zufa a gaban suruka ba. In an zo yi sai ta ce barci take ji.

Na ce to a ba ni ita in mayar Gaya. Yaya ya ce in ta yarda shi ba zai hana ba. Na shiga da murnata na gaya mata, na ce gorar nan tana nan a bango ban kwance ba. Ta girgiza kai. Na ce to a ɗauko wata mace daga waje, wadda ba ta sani ba, a riƙa biyan ta. Ta ce a'a. Na ce Inna, kashe kanki za ki yi.

"In na bar gidan nan, ko aka kawo bare, me za a ce da shi a gari? A ce ya kasa riƙe uwarsa?"

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji ta yi a kan ɗan farinta, kuma ba ya wurin. Na ce zan gaya masa. Ta ce in na gaya masa ba ta yafe ba.

Ranar Lahadi da la'asar dole na koma, don Litinin akwai makaranta, ga yara ga miji. Na yi mata wanka, na canja mata zane, na ba ta ruwa ta sha sosai. Ta tambaye ni yaushe zan dawo, na ce Juma'a in an tashi daga makaranta. Ta ce Allah ya kai mu. Ina tsakar gida ina gyara mayafi matar Yaya ta shiga ɗaukar kwanuka, na jiyo muryar Inna tana ce mata:

"'Yar nan, kada ki dama koko da ni. Sai ranar Juma'a."